Goyon Dankali

Yaron ba ya barci sai a baya. Wannan maganar kaɗai na fita da ita daga gida ran Litinin, ita nake so in damƙa wa Turawan nan da suka zo ɗaukarsa hannu da hannu. Sauran bayanai, na abinci da allura da sauransu, Malama Ok ta ofishin riƙon yara tana iya yi musu.

Ni riƙo ne aikina. Ofis ya kawo mini jaririn da uwarsa ba ta da halin zama da shi, in raine shi har a samo masa gida, sannan in miƙa. Na miƙa da dama kafin wannan yaron, Ki-bom, kuma ban mutu ba. Shi an kawo shi ko cibiyarsa ba ta faɗi ba, kai dogo da ƙullutu a ƙeya. Maigidana ya leƙa cikin tsumman ya ce, "Maman Kyong-mi, wannan ai dankali aka kawo miki." Sunan ya bi shi. Sauran yaran ba sa daɗewa a hannuna, amma shi takardunsa suka maƙale, har ya yi haƙora, ya tashi da ƙafarsa, ya iya cewa Omma, wato uwa da yarenmu. Kuma in ya ce Omma, ni yake nufi.

Kwantar da shi a shimfiɗa, ya sandare ya yi ta tsala ihu har ya shiɗe. Rungume shi a ƙirji, ya tokare ka da ƙafa. Amma da ya ji shi a baya, an ja zanin goyo an ɗaure, an ɗan bubbuga masa ɗuwawu, kafin in gama wanke shinkafa ya yi lakwas. Sai barcin ya yi nauyi sannan a sauke shi. Zanin irin namu ne mai auduga a ciki, da majanyi biyu dogaye ɗinke a jikinsa. Da shi na goyi 'yata Kyong-mi, wadda yanzu ita ma ta haifi nata. Ga shi mutanen nan ƙasar Nowe za su kai shi, wuni guda cur a jirgin sama, bayan nan kuma sauran rayuwarsa. Na tambayi Malama Ok ko matan can suna goyo. Ta ce ita dai ba ta taɓa gani ba.

Ina sa takalmi maigidana ya ce, "Ki riƙe bakinki yau."

Na ce, "Bakin nawa ya taɓa cizonka?"

"Ni na saba. Su baƙi ne."

A ɗakin ganawa na ofis muka same su, sun tuɓe takalma suna tsaye kamar masu jiran likita. Mijin sunansa Tarye, amma tun da na ga kansa na neman taɓa fitila na sa masa Dogo. Matar kuwa Ingun, gashinta kamar gemun masara. Ta durƙusa a kan tabarma da wata 'yar motar roba. Dankali ya san fuskarsu, don na liƙa hotonsu a jikin firij daidai tsayinsa, kullum da safe sai na nuna masa na ce ga Mama ga Baba. Ya dube su da kyau, ya dubi motar, ya zagayo ya ɓuya a bayan ƙafata.

Matar ta yi magana hawaye na zuba. Malama Ok ce tafinta, ta ce, "Inna, ta ce ba ta taɓa ganin yaro mai kyau kamarsa ba. Ta ce dubi idanunsa, dubi kumatunsa, dubi 'yan yatsunsa."

Rana tsaka, taga a buɗe, yaro na da doguwar tafiya a gabansa, mace ta zauna tana zabga masa yabo gaɓa-gaɓa! Dole wani ya gyara, kuma babu wani babba a ɗakin sai ni.

Na ɗaga murya na ce, "Haba, ina kyau a nan? Dubi kan, dubi hancin kamar an zauna a kai. Ga ci kamar gara, ga taurin kai, ga kuka. Mummuna ne, ku dai yi haƙuri da shi."

Malama Ok yarinya ce, a shekarar ta fara aiki. Ta dube ni ta ce, "Inna, in faɗa?"

"To me aka kawo ki yi?"

Ta faɗa, ba ta rage ko ɗaya ba. Ina kallo fuskar matar ta rufe. Ta share hawayenta, ta dubi mijinta, ta yi wata gajeriyar tambaya.

"Tana tambaya ko kin gaji da shi ne."

Na yi dariya na ce, "Gajiya kam ai ba a magana. Bayana ya kusa karyewa."

Ita ma wannan Malama Ok ta faɗa. Daga nan matar ba ta ƙara kallon idona ba.

An ɗan yi wasa. Dogo ya iya kukan mota da baki, har Dankali ya fito ya karɓi motar ya buga masa a gwiwa. Can ya fara murza ido yana jan kunnensa, na san lokaci ya yi. Na zaro zanin daga jaka, na ce wa Malama Ok ga abin da nake so in nuna mata. Kafin ta buɗe baki matar ta ɗaga mini hannu, ta sungumi yaron ta rungume a ƙirji. Tabɗi! Ya banƙare, ya tsala ihun da sai da ma'aikatan ɗakin kusa suka leƙo. Ta jijjiga shi, ta yi masa waƙa da yarensu, a banza. Dogo ya buɗe wani keken tura yara sabo fil da suka zo da shi, aka sa shi ciki, abin ya ƙara lalacewa. Yana miƙo hannu yana Omma, Omma, ni kuma ina tsaye da zani a hannu kamar mai talla.

Malama Ok ta raɗa mini, "Inna, ki bari. Yanzu ɗansu ne."

Na bari. Ya yi kuka har ya amayar da abincin safe a rigar Dogo. Da lokacin ganawa ya ƙare aka mayar mini da shi jiƙe da gumi, na goya shi nan a baranda, kafin mu kai matakala ya yi barci yana ajiyar zuciya. Na ce wa Malama Ok ta roƙi matar ta tsaya ta koya, abin ba wuya. Ta je ta dawo ta ce, "Ta ce sun gode, suna da nasu tsarin."

A mota ina ta ƙuna. Ba don an raina ni ba, ni an raina ni a wuraren da suka fi wannan. Ran Juma'a za su tafi da shi, kuma babu wanda ya san yadda ake sa shi barci sai ni.

Maigidana ya ji labari ya ce, "Ban ce ki riƙe bakinki ba?"

"So kake in zauna ana yabonsa ina kallo?"

"Ke da ba kya fashin zuwa coci, kin yarda da wannan abin na tsofaffi?"

"Ban yarda ba. Amma ban ga dalilin da zai sa in gwada a kansa ba."

Ya ce, "To ran Laraba za su zo gidan nan. Ki dafa abinci, ki zuba, ki yi shiru. In magana ta taso miki, ki cusa shinkafa."

Haka na yi. Ran Laraba suka hauro lungunmu suna haki, Malama Ok na gaba. Na dafa shinkafa da miyar ganyen teku da soyayyen kifi, na wanke wa yaron kimci, kabejin nan namu mai tsami, a ruwa don yaji. Muka zauna a ƙasa, Dogo ya rasa inda zai kai ƙafafunsa, har maigidana ya janye teburin ya ba shi fili. Matar ta ci, ta yi godiya, duk cikin ladabi, amma irin ladabin da ake yi wa wanda ba a so. Ni dai ina cire wa Dankali ƙaya ina ɗora masa kifi a cokali. Sau biyu magana ta taso mini, na cusa shinkafa.

Muna cikin haka aka turo ƙofa ba ko ƙwanƙwasawa. Kaka Sim ce ta ɗakin ƙasa, ta haura tamanin, bayanta ya lanƙwashe, tare da Maman Dong-su mai shagon ɗinki a bakin lungu. Sun ji baƙi sun zo. Maman Dong-su ta ɗinko masa 'yar rigar sanyi, Kaka kuma ta ƙullo gasasshen dankali a takarda. Ko kallon Turawan Kaka ba ta yi ba. Ta zube a gaban yaron ta kama ƙafafunsa biyu.

"Kai, mummunan banza! Ashe tafiya za ka yi? Ɗan kashin kare, wa zai riƙa zubar mini da tukunyar fure? Tafi can, wa ke sonka!"

Tana faɗa tana sumbatar tafin ƙafarsa, hawaye na bin tamojin fuskarta. Maman Dong-su ma ta kama, tana gwada masa rigar tana jan majina. "Dubi wuya babu, sai kai. Na ɓata yadina a kan wannan halitta." Dankali kuwa sai ƙyalƙyala dariya yake, ya cusa wa Kaka yatsa a hanci.

Malama Ok tana fassarawa ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye don kunya. Matar ta ajiye cokali. Ta dubi Kaka, ta dubi Maman Dong-su, ta dube ni, karo na farko tun Litinin. Sannan ta yi tambaya.

Malama Ok ta ce, "Kaka, tana so ta san me ya sa kuke zaginsa kuna kuka."

Kaka ta juyo kamar yanzu ta lura da mutane a ɗakin. "Wace irin tambaya ce wannan? Ba ta da uwa ne? Gaya mata mu takwas uwarmu ta haifa. Wanda duk ƙauye ke cewa kyakkyawa, shi zazzaɓi ya fara ɗauka, ko tafiya bai fara ba. Ni da aka sa mini Kashin Kare ga ni nan, na binne kowa. Masu ɗaukar yara suna da kunne, kuma mai kyau suke nema. In kana son naka sai ka kushe shi da ƙarfi, su ji su wuce gaba." Ta ƙare wa matar kallo ta ƙara da cewa, "Ita ma ba laifi, muninta ya isa. Za ta yi tsawon rai."

Maigidana ya ƙware da shayi. Malama Ok ta fassara, amma na lura ta tsallake ta ƙarshen, yarinyar ta fara koyon aiki.

Fuskar matar ta yi ja har wuya. Sannan ta yi mini magana kai tsaye, a hankali.

"Inna, ta ce ke nan tun da aka kawo shi ba ki taɓa cewa yana da kyau ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Ta ce to ki gaya mata ita kaɗai, a kunne, yadda kike ganinsa da gaske."

Na dubi taga. A rufe take, amma duk da haka. Na ce, "Gaya mata yana da tafiya a gabansa."

Ba ta matsa ba. Daidai nan Dankali ya fara murza ido yana jan kunne. Ni ban motsa ba, na riga na sha ɗaga hannu sau ɗaya. Matar ta miƙe, ta je bayan ƙofa inda zanin ke rataye a ƙusa, ta sauko da shi. Ta kawo mini da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu, ban san wa ya koya mata ba. Sannan ta juya mini baya ta sunkuya.

Kai, na ga baya a rayuwata, amma ban taɓa ganin mai tsawo da tauri irin wannan ba, sai ka ce ƙyauren ƙofa. Na danna kafaɗarta na ce, "Ƙasa. Ƙara. Saki jikinki mana, ba duka za a yi miki ba." Malama Ok ta fara fassarawa, Kaka ta ce, "Ke yi mana shiru, wannan ba da baki ake koyonsa ba." Na ɗora yaron, na rufa zanin har wuyansa, na zagayo da majanyin ta ƙarƙashin hammatarta, na gicciya a ƙirji, na mayar baya ƙarƙashin ɗuwawunsa, na dawo da shi gaba na ƙulle tamau har ta yi nishi. Kaka na gefe tana ba da umarni. "Ja sosai! So kike ya zame a filin jirgi?" Maigidana kuwa ya ɗora wa Dogo matashin kai a baya yana nuna masa yadda ake rausaya, su biyun kamar agwagi.

Dankali bai yarda ba. Ya ga bayan ba nawa ba ne, ya ga ni kuma a tsaye a gabansa, ya fara ihu yana fizgar gashinta. Ta cije ta daure. Na gane muddin yana ganina ba zai kwanta ba, sai na zagaya bayansu inda idonsa ba ya kaiwa. Na sa hannu ƙarƙashin ɗuwawunsa ina bubbugawa yadda na saba, biyu a hankali ɗaya da ɗan ƙarfi, ina gunjin da nake yi masa a maƙogwaro. Da ɗaya hannun na riƙe ƙugunta ina kaɗa ta hagu da dama har ta kama. Zanin warina yake yi, na ga ya cusa hanci a bakinsa. Ihun ya koma kuka, kukan ya koma ƙunƙuni.

Sai na kamo hannayenta na kawo su baya, na haɗa su ƙarƙashinsa. Na ɗora nawa a kan nata muna bubbugawa tare. Biyu a hankali, ɗaya da ƙarfi. Da na ji ta riƙe kiɗan, na zare hannuna kaɗan-kaɗan, na ja da baya har na jingina da bango.

Bai ma sani ba. Kansa ya langaɓe tsakanin kafaɗunta, bakinsa a buɗe, yawu na jiƙa mata riga. Ɗakin ya yi tsit, har Kaka. Matar na ta rausaya tana kuka ba sauti, tana tsoron juyowa kada ya farka.

Abin da nake nema ke nan tun Litinin, ga shi na samu, kuma ya yi mini ciwo fiye da ɗaga hannun da ta yi mini. Na so a ce ya ɗan ƙara yin gardama. Na kwashe kwanuka na shiga kicin, na buɗe famfo da ƙarfi na daɗe a wurin.

Kafin su tafi sai da ta ɗaura ta kwance har ta iya ita kaɗai, Dogo ma ya gwada da matashin kai, Kaka ta ce nasa ɗaurin ko buhun gawayi ba zai riƙe ba.

Ran Juma'a na kai shi ofis. Na haɗa masa kayansa, da rigar Maman Dong-su, da cokalinsa. Zanin na naɗe shi na sa a sama. Malama Ok ta shinshina ta ce, "Inna, ba ki wanke ba?"

Na ce, "In kika bari aka wanke shi kafin wata guda, ni da ke ne. Gaya mata."

Matar ba ta jira an gaya mata ba, ta warware shi nan take ta sunkuya. Ni na ɗora mata shi. Ba lokacin barcinsa ba ne, saboda haka ya yi kuka, ya kira Omma, kuma wannan karon ban zagaya baya ba. Na raka su har bakin mota. Na kama ƙafarsa da ta leƙo ta ƙarƙashin zanin na matsa, na ce da ƙarfi yadda duk wanda ke saurare zai ji, "Tafi can, mummuna." Matar ta dube ni, ta maimaita kalmar da karyayyen harshenta, ita ma da ƙarfi. Direba ya waiwayo yana kallonmu kamar mahaukata. Suka shiga, mota ta tashi, na je na hau bas.

Ran Asabar na wanke duk abin da ke gidan, har labulen da ba su yi datti ba. Na cire hoton daga jikin firij, na rasa inda zan sa shi, na mayar.

Ran Lahadi da safe, maigidana na karyawa ni ina shirin coci, waya ta yi ƙara. Malama Ok ce.

"Inna, sun sauka lafiya. Sun kira ni. Ta ce in gaya miki ya yi kuka da jirgi ya tashi, sai ta goya shi ta yi ta kai da komo tsakanin kujeru, mutane na kallonta. Ya yi barci har rabin hanya. A gida ma haka. Ta ce bayanta ya kusa karyewa."

Na ce, "Madalla." Na ajiye wayar.

Maigidana ya ɗago. "Yaya?"

"Sun isa. Ya yi barci."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da shan miyarsa. Na tsaya a tsakiyar ɗakin. Taga a buɗe take, na gani, ban rufe ba.

Na ce, "Baban Kyong-mi, yaron nan fa kyakkyawa ne. Ka ga idanunsa kuwa? Duk yaran da na riƙa babu mai kyansa. Ga wayo, ga dariya. Kan ma da kake faɗa, babu abin da ya samu kansa."

Ya ajiye cokali. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na sani, Maman Kyong-mi. Zauna mana. Me kike jijjigawa?"

Na duba. Hannayena na haɗe a baya, ina rausaya hagu da dama.